Kawu Tahir da Ziyarar Kifi

Ranar da Kawu Tahir zai sanar da shirinsa, sai da ya sa Haladu mai bagala, wato shagon kayan masarufi, ya rage ƙarar rediyo, sannan ya tsaya a bakin shagon yana gyara shimag, ƙyallen da Larabawa ke yafawa a ka, kamar wanda za a ɗauka hoto. Ya ce Madina ta daɗe tana kai baƙi Uhudu da Ƙuba da kasuwar dabino, ta gaji, baƙin ma sun gaji. Shi yanzu Yanbu zai riƙa kai su, su tsaya da ƙafafunsu a kan Bahar Maliya, kowa a kan allonsa yana tuƙa kansa, in sun gama su kifa fuska cikin ruwa su ga kifi da murjani. Ya ce dabarar ta faɗo masa ne yana kishingiɗe bayan azahar.

A kishingiɗe yake kam. Ni ne nake zaune kusa da kansa ina yi wa mahaifiyata, Inna Ƙaltume, bayanin abin da na gani. A shekarar na gama karatun harkar yawon buɗe ido, kuma a wata fita ta ɗalibai na ga wasu Turawa injiniyoyi a bakin ruwan Yanbu, suna tsaye a kan dogayen alluna da filafili ɗaya a hannu, wasu kuma suna kwance ruf da ciki a kan ruwa da bututu a baki. Na tsara abin tsaf a kaina: rigunan da ke hana nutsewa, mai koyarwa, izini, fita da sassafe kafin iska ta tashi. Kawu ya kwashe naman da ke sama, ya bar mini shinkafar.

Da Haladu ya tambaye shi ko ya iya ruwa, Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kakansa Sarkin Ruwa ne, da jirginsu da ya taso daga tashar Sawakin ya tsaya a tsakiyar teku, shi ya sauka ya ja shi da haƙori har Jidda. Shi kansa kuma ya yi aiki a kamfanin tace ruwan teku a Yanbu, har masunta na zuwa neman shawararsa.

Da labarin ya iso gida, Inna Ƙaltume, wadda ita ta goye shi yana jariri, ta ce kakan nasu wanzami ne, kuma tun daga Sawakin yake amai har ya taka ƙasa. Aikin Yanbu kuwa gadin ƙofa ne, kujerarsa ma baya ta ba teku. Ta ce in Tahir zai yi wanka, har yau sai ya rufe ido kafin ya zuba ruwa a ka.

Abin da Kawu yake nema ba kifi ba ne. Lemar Baba Maigandi yake nema.

Duk wanda ya san unguwarmu, Harra ta Gabas, ya san wannan koriyar lema. Tun kafin a haife ni Baba Maigandi yake ɗaga ta a gaban alhazan Nijeriya da Nijar yana kai su ziyara. Tsohuwa daga ƙauye ba ta san sunan masaukinta ba, ba ta san lambar motarta ba, amma ta san koriyar lema mai faci a gefe. Masu kawo alhazai ma ba suna suke tambaya ba, cewa suke a haɗa su da mai lema. To gwiwoyin Baba sun fara ƙi, ya ce zai miƙa ta ga wani ya huta, kuma duk wanda ya karɓe ta ya karɓi jama'ar. Kawu ya daɗe yana bin sa a matsayin mataimaki, amma tarihinsa ba ya ba shi goyon baya. Akwai ranar da aka ba shi mata ya kai su Uhudu, ya dawo da adadi cif, sai da aka sauka aka ga biyu daga ciki 'yan Indunusiya ne.

Da ya je da maganar teku, Baba ya saurare shi yana shafa gwiwa. Ya ce shi bai san allo ba, bai san kifi ba, abu ɗaya ya sani a wannan sana'a.

"Mai lema ba ya sakin jama'arsa," in ji shi. "Ka gwada da mu tukuna, ni da maƙwabta. Zan ara maka ita ranar Alhamis. Ka kai mu, ka dawo da mu, lema na hannunka, babu wanda ka bari a baya. In ka yi haka ta zama taka."

Kawu ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, Baba ya fara neman inda zai riƙa shan shayi da safe.

Allo na gaske guda ɗaya ya samo, a kasuwar gwanjo, wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar. Wannan ya ce na jagora ne. Sauran jama'a kuwa ya ce katako ai katako ne, ya tafi wajen Anbariyya inda ake rushe tsofaffin gidaje, ya lodo ƙyamare. Wasu da sakatarsu, ɗaya har da lambar gida. Da na ce masa allon Turawa ba shi da nauyi saboda cikinsa kumfa ne, ya ce shi ya sa Turawa suke faɗuwa, ƙyauren Madina kuwa ya tsaya shekara da shekaru bai faɗi ba.

Filafili ma guda ɗaya ne, ya zo da allon, kuma ya karye tun a bayan mota. Sai Kawu ya tuna da muciyoyin Inna, manyan nan da take tuƙa tuwon biki da su in Hausawan unguwa suna aurar da 'ya'ya. Ta ce ba za ta bayar ba. Ya ce tuƙi ai tuƙi ne. Ta ce in haka ne ya je ya tuƙa jirgin sama da su. A ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗin ƙafarta ƙafar muciyoyinta, kuma babbar cikinsu, wadda ta gada daga uwarsu, in ta ɓace ya bi ta.

Bututun numfashi ya yanko daga tsofaffin tiyon shisha na wani gidan gahawa. Tabarau na ruwa kuma ya aro wajen masu walda. Na ce masa Kawu, gilashin walda baƙi ne, an yi shi ne don kada a gani. Ya ce a ƙarƙashin teku akwai hasken da ke kashe ido, wanda bai yi aiki a Yanbu ba ba zai sani ba. Na kawo maganar rigunan hana nutsewa, ya ce wannan rashin tawakkali ne da tsada. Na ce a fita da asuba kafin iska, ya ce shi iska ta san shi.

"Kai Lurwanu, takarda ka karanta," ya ce da ni. "Ni ruwan na sha."

"Duk Madina shi muke sha, Kawu. A famfo yake zuwa."

Ya ce jami'a ta koya mini rashin kunya kyauta.

Aka yi gwaji a saman gidanmu. Ya shimfiɗa katifu, ya ɗora ƙyamare a kai, ya jera mutane kowa da muciya. Matan maƙwabta suka fito shanya da ba su da niyyar yi, suka tsaya suna kallon Haladu da Alhaji Jumare tela, mutum mai jiki, suna tuƙa iska a bisa ƙofofin mutane. Wata ta tambaya ko sabuwar hanyar roƙon ruwa ce. Kawu ya ba kowa shaidar ya ƙware, ban da ni, wai ƙafata tana rawa irin ta 'yan boko.

Ranar Alhamis an ce a fito bayan sallar asuba. Kawu ne ya zo ƙarshe, ya kuma ce jagora ba ya shiga teku da yunwa, aka tsaya cin tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake. Sa'id direba, wanda a nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, ya dubi ƙyamaren da aka ɗaure a saman motarsa ya tambaya ko ƙaura muke yi. A hanya aka tsaya shayi, aka tsaya sallah, aka tsaya ɗaure wani ƙyaure da ya nemi tashi sama. Kafin mu ga ruwa rana ta karkata, iska kuma ta tashi daga bayanmu tana tura komai cikin teku.

Wurin yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Ruwa kore shar a kusa, shuɗi a nesa, farin yashi, duwatsu a can gefe. Iyalai sun cika bakin gaɓa, sun shimfiɗa dardumai, ana gasa kifi. Duk suka bar abin da suke yi da suka ga ana sauke ƙofofi daga mota. Wani dattijo Balarabe ya matso ya tambayi Sa'id ko gida za mu gina a nan, don an hana.

Nan Kawu ya fito da abin da ya ɓoye mana, igiyar shanya doguwa.

Duk wanda ya taɓa ganin alhazan ƙauye cikin cunkoson Harami ya san dabarar. Mata su ƙulla bakin mayafi da na juna, maza su riƙe rigar na gaba, a tafi kamar jerin raƙuma don kada kowa ya ɓace. Kawu ya ce ga maganin sharaɗin Baba. Zai ɗaure mu duka a ƙugu da igiya ɗaya, shi a gaba, ta yadda ko mutum yana so ya ɓata ba zai iya ba. Na ce masa a ƙasa igiya tana hana ɓata, a ruwa kuwa in ɗaya ya faɗi kowa zai bi shi. Ya ce shi ya sa ba wanda zai faɗi, don kowa zai ji kunyar jawo ɗan'uwansa.

Baba Maigandi ba ya iya tsayuwa, don haka Kawu ya kafe masa kujerar roba da ƙusa a kan ƙyaure mafi faɗi. Aka ɗora tsohon a kai da carbinsa, aka tura shi ruwa kamar ango. Ni aka ɗaure a ƙarshen jeri, bayansa, sai na ƙi hawa nawa ƙyauren, na tsaya cikin ruwa iya ƙugu ina riƙe da nasa. Kawu kuwa bai yarda ƙafarsa ta jiƙe ba. Ya sa Sa'id da wani maƙwabci suka ɗauke shi cak suka ɗora a kan allon Bature, doguwar rigarsa ta tob a naɗe, lasifikar hannu a rataye a wuya, babbar muciyar Inna a hannun dama, lema a naɗe a hammata. Ya ce jagora a bushe yake aiki.

Aka fara da ziyarar kifi, tunda ruwan wurin bai da zurfi. Ya ce kowa ya sauko, ya sa tabarau, ya ciji tiyo, ya kifa kai. Shi kuma daga sama zai riƙa faɗin abin da suke gani, kamar yadda ake yi a motar ziyara. Suka kifa. Ya ɗaga lasifika ya fara: a damanku ga murjani wanda ya girmi Yanbu, a hagunku ga kifin da ba ya fitowa sai ga mai rabo. Babu wanda ya ji shi, kunnuwa na cikin ruwa. Alhaji Jumare ya ɗago ya ce shi dare yake gani. Kawu ya ce ya ƙara haƙuri, ido sai ya saba. Jumare ya koma, ya sake ɗagowa yana tari, ya ce bututun nan ɗanɗanon tuffa da hayaƙi yake yi, shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa shan taba ba sai yau da aka kawo shi teku.

Haladu ne ya fi ba ni tausayi. Mutum ne mai biyayya, daga Tawa ya zo, kuma ya saba a ziyara in jagora ya faɗi abu ana maimaitawa. Da Kawu ya ce su riƙa faɗin sunayen kifin a bayansa don su riƙe, Haladu ya ɗago kunne ɗaya, ya ji suna, ya mayar da kai cikin ruwa ya maimaita. Sai kumfa muka gani. Da aka ɗago shi idanunsa sun yi ja, ya ce ya sha gishirin da zai ishi shagonsa shekara.

Kawu bai kula ba, ya hango wani abu baƙi a ƙasa. Ya sanar ta lasifika, har mutanen gaɓa suka miƙe, cewa Allah ya yi mana gamon katar da kunkurun teku, irin wanda yake gaisawa da shi lokacin yana aiki. Ya ce a yi tsit kada a firgita shi. Aka yi tsit. Jumare ya taɓa shi da muciya, ya juya shi. Tayar mota ce.

Daga bakin gaɓa Inna Ƙaltume, tana zaune a kan darduma da sauran mata, ta ɗaga murya ta ce ya gaishe mata da shi, ya tambaye shi iyali.

Don ya rufe wannan, Kawu ya ce a hau alluna, yanzu za a shiga ainihin tafiya, za a bi gaɓa har wajen duwatsun can. Hawan kansa ya ɗauki lokaci. Ƙyauren Jumare yana karɓarsa ya fara sauka a hankali, ba gaggawa, har ruwa ya kai masa gwiwa yana tsaye a kai yana tuƙi da gaske. Na Haladu yana juyawa wuri ɗaya kamar dutsen niƙa. Wani maƙwabci ya kama sakatar nasa ya riƙe da hannu biyu, ya ce shi daga nan ba inda za shi. Duk da haka an samu wani ɗan lokaci da kowa, ban da ni, yake bisa katako, igiya a miƙe, mutanen gaɓa har sun fara tafi.

Tafin nan ne ya kashe Kawu. Ya juyo ya dube su, ya ajiye muciya a kan allo, ya zaro lema. Na ce masa Kawu, kada ka buɗe, iska. Ya ce tun yaushe aka taɓa yin ziyara da lema a rufe.

Ya buɗe.

Lemar Baba babba ce, irin wadda mutum uku ke fakewa a ciki. Iska ta cika ta tim. Allon Bature, da ba shi da nauyi, ya zabura gaba kamar an tsikare shi. Igiya ta ja Jumare ya tafi da baya, Jumare ya ja Haladu, Haladu ya ja na bayansa, haka suka riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin salatinsa, muciyoyi na tashi sama. Baba Maigandi kaɗai bai faɗi ba, don ina riƙe da ƙyaurensa. Yana zaune daram a kujera, carbi a hannu, igiya na jan sa cikin teku a hankali, yana kallon gaba kamar mai jiran a kira sallah.

Nauyin mutanen da suka faɗi ya riƙe igiya, iska kuma tana jan lema. Kawu ya zama a tsakiya, ƙugunsa na baya, hannuwansa na gaba, allo na neman zamewa daga ƙarƙashinsa. Ya durƙusa. Ya dubi ruwan da ke gabansa ya ga ya fara yin shuɗi. Muka yi ta ce masa ya rufe lemar kawai. Baba ma ya ɗaga murya ya ce akwai ɗan maɓalli a jikin sandar. Kawu bai nemi maɓalli ba. Da hannu ɗaya ya laluba ƙugunsa, ya kwance igiyar, ya jefar da ita.

Kowa ya gani. Ƙarshen igiyar ya faɗo kan ruwa a gaban Jumare, wanda yake tsaye ruwa iya ƙirji, gilashin walda a goshi.

Da aka sauke masa nauyinmu, allon ya tafi da shi da gudu. Lasifikar tana wuyansa a kunne, bakinsa kuma yana kanta, don haka duk abin da ya faɗa ya isa har wajen masu gasa kifi. Ya fara da Larabci, ilhaguni, ilhaguni, wato ku kawo mini agaji. Da ya ga Larabci bai tsayar da allo ba ya koma harshen gida.

"Yaya Ƙaltume! Ban iya ruwa ba! Wallahi ban taɓa shiga ba, gadi nake yi!"

Sa'id yana tsaye a gaɓa ya ɗaga wayarsa mai kamara yana ɗauka, yana fassara wa Larabawan da suka taru kalma bayan kalma, har da bayanin Sarkin Ruwa da haƙori.

Can sai Kawu ya saki lemar ma, ya rungume allo da hannu biyu. Ta tashi sama, ta juya, ta sauka kan ruwa a kife, sandarta na sama kamar jirgi mai tuta, ta kama hanyar yamma. Allon kuma ya ɗan ƙara gaba ya tsaya cik. Ya hau wani tudun yashi ne da ke ƙarƙashin ruwa. Wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu yana tsaye kusa da shi, ruwan bai kai masa gwiwa ba.

Mu dai muka jawo Baba da igiya zuwa gaɓa, muka sauke shi da kujerarsa. Ko gefen rigarsa bai jiƙe ba. Ya sa muka tsaya a jere kamar yadda yake yi kafin mota ta tashi, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ce jama'a sun cika, jagora ne babu. Ya ce tun yana saurayi yake wannan aiki, ya ga tsoho ya ɓace wa lema, ya ga yaro ya ɓace wa lema, yau ne ya fara ganin lema da mai lema sun ɓace wa jama'a, kowanne ta hanyarsa. Sannan ya kare ido da hannu yana kallon ɗigon koren da ke nisa, ya ce ta nufi Sawakin, ta bi hanyar da kakanninmu suka zo, Allah ya kai ta lafiya.

Aka yi ta ɗaga wa Kawu hannu ya sauko ya tako. Ya ƙi. Ya ce ta lasifika akwai rami, ya san wurin, a kira jirgin ceto. Dattijon Balaraben nan ya ce tun yana yaro yake takawa zuwa tudun nan yana tsintar kifi. Kawu ya ce teku ta canja tun lokacin.

Inna Ƙaltume tana ta tattara muciyoyinta da ruwa ya turo, ta jera su a kan darduma, ta ga babu babbar. Ta tashi, ta ɗaure abayarta a ƙugu bisa zane, ta shiga ruwa. Ba ta yi sauri ba, ba ta dubi kowa ba. Ruwa ya kai mata ƙugu a tsakiya, sannan ya fara raguwa. Da ta isa, Kawu ya miƙo mata hannu biyu. Ta sunkuya ta ɗauki muciyarta daga kan allon, ta duba ta gaba da baya, ta juyo.

"Yaya, ni fa?" Lasifikar ta kawo mana.

"Ita na zo ɗauka. Kai Sarkin Ruwa ya zo ya ɗauke ka."

Ta kama hanya. Ya dubi tsuntsu, ya dubi gaɓa, ya dubi bayanta tana nisa. Sai ya zuro ƙafa ɗaya, ya rufe ido, ya yi tsalle ya cafke bakin mayafinta. Haka suka iso, ita a gaba da muciya a ɗage sama, shi a baya ido a rufe, ya naɗe mayafin a hannu yana ja mata kunne ta bi a hankali. Mutanen gaɓa suka dare suka ba su hanya. Baba Maigandi ya dube su ya ce wannan ita ce ziyarar da aka yi daidai a ranar, jagora a gaba, alhaji a baya, ba wanda ya saki wani.

A hanyar dawowa Haladu ya yi ta gyatsar gishiri. Wajen rabin hanya Kawu ya farfaɗo. Ya ce in aka duba da kyau laifin igiyar ne, ta cika gajarta, kuma iskar ranar ba irin wadda ya sani ba ce, baƙuwa ce daga Masar. Sa'id ya kunna masa muryarsa a waya. Kawu ya ja shimag ya rufe fuska har Harra.

Kafin sallar Juma'a hoton ya zaga unguwa daga waya zuwa waya. Kawu ya shiga bagala sayen burodi, wayar wani da ke layi ta yi ƙara, sai ga "gadi nake yi" tana fitowa daga aljihu. Ni kuwa na sake gwada kawo maganar, na ce da an bi tsarina da rigunan ruwa da fitar asuba da abin ya yi kyau, har ina da wata dabara ta jirgi mai gindin gilashi. Alhaji Jumare ya ce in na ƙara ambaton teku a gabansa zai ɗinke mini baki da zare biyu.

Ranar Asabar da safe aka ga Baba Maigandi a bakin masaukin alhazai da sabuwar koriyar lema. Ya sa Jumare ya ɗinka mata faci a gefe don tsofaffi su gane ta. Da aka tambaye shi gwiwa, ya ce tun da ya ga wanda zai gaje shi ta warke. Kawu Tahir yana can ƙarshen jeri, bayan tsohuwa ta ƙarshe, yana ɗauke da jarkar ruwan sha. Baba ya ce tunda shi ne masanin ruwa a riƙa ba shi wanda yake da murfi.